Shafukan da mai gina manhaja ke buƙata, da matsayin kowanne

A ranar 30 ga Afrilun 1993, cibiyar binciken kimiyya ta Turai da ake kira CERN, wadda ke kan iyakar Suwizalan da Faransa, ta sanar da cewa ta sallama wa duniya fasahar yanar gizo, kowa ya yi amfani da ita ba tare da biyan ko sisin kwabo ba. Shekara huɗu ke nan bayan Tim Berners-Lee, wani Baturen Ingila da ke aiki a cibiyar, ya gabatar da shawarar gina ta. Matakin ya ƙarfafa wata daɗaɗɗiyar al'ada ta masu sana'ar kwamfuta, wato barin ilimi a fili domin mai buƙata ya ɗiba. Har yau, mafi yawan abin da mutum ke buƙata don koyon gina manhaja ko shafin intanet yana nan a shimfiɗe kyauta.

Duk da haka, matasa da dama a ƙasar nan na kashe kuɗi da lokaci ba tare da sun kai gaci ba. Wani zai biya kuɗin kwas ɗin da aka tallata masa a WhatsApp, daga baya ya gano cewa darussan kwaso su aka yi daga shafin da ba a biyan komai. Wani kuma zai cika wayarsa da bidiyon koyarwa, amma a yi shekara bai gina shafi ko ɗaya ba. Asarar ta ƙara nauyi tun da Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince a watan Janairun 2025 da ƙarin da ya kai kashi 50 cikin 100 a kuɗin kira da na data. A lokaci guda kuma masu sha'awar sana'ar ƙaruwa suke yi, musamman bayan Gwamnatin Tarayya ta ƙaddamar da shirin 3MTT a 2023, da burin horar da mutum miliyan uku a fannin fasahar zamani.

Shafukan da mai gina manhaja ke buƙata suna da yawa, kuma ba aiki ɗaya suke yi ba. Akwai na tabbatar da magana, akwai na koyo, akwai na tambaya, akwai na ajiyar aiki, akwai kuma na aron kaya. Wanda ya san matsayin kowanne zai rage wa kansa wahala, wanda kuwa ya cakuɗa su zai daɗe yana kai gwauro ya kai mari.

Kundin bayani na asali

Kowane yaren gina manhaja yana da kundin bayaninsa, wanda masu kula da yaren suka rubuta, suke kuma sabunta shi duk lokacin da wani abu ya canja. Wannan kundi shi ne alƙali idan malamai biyu suka saɓa. Yaren Python, wanda Guido van Rossum ya fitar a 1991, yana da nasa a shafin yaren, haka ma PHP da Java da sauransu.

Ga masu gina shafin intanet, babban kundin shi ne MDN Web Docs, wanda Mozilla, masu burauzar Firefox, suka fara a 2005. Ya ƙunshi bayanin ginshiƙan shafi guda uku: HTML mai tsara ƙashin shafin, CSS mai kula da ado da launi, da JavaScript mai sa shafin ya amsa wa mai amfani da shi. A 2017 kamfanonin Microsoft da Google da Samsung suka amince su riƙa tallafa wa wannan kundi, abin da ya ƙara masa kwarjini. A ƙarshen yawancin shafukansa akwai jadawalin da ke nuna wace burauza ce ta fahimci umarnin da ake magana a kai, kuma daga wane zubi. Shafin Can I use ma wannan aiki yake yi. Jadawalin na da muhimmanci ga wanda ke yi wa mutanen da ke riƙe da tsofaffin wayoyi aiki, domin umarnin da ya yi kyau a sabuwar kwamfuta yana iya ƙin aiki a wayar da ta shekara bakwai.

Dalilin fifita kundin asali shi ne, darussan da ke yawo a intanet suna tsufa ba tare da sun sanar da kowa ba. An daina kula da zubi na biyu na Python tun ranar 1 ga Janairun 2020, amma har yanzu akwai ɗimbin darussan da aka rubuta da shi. Ɗalibin da ya kwafi umarnin fitar da rubutu daga irin wannan darasi zai ga kwamfutarsa ta ƙi karɓa, saboda zubi na uku na buƙatar a sa abin da za a fitar a cikin baka biyu. Sai ya zaci shi ne bai iya ba, alhali darasin ne ya kwana biyu.

Makarantun da ba a biyan kuɗi

Kundin bayani kamar ƙamus yake, yana warware shakka amma ba ya ɗaukar mutum daga farko zuwa ƙarshe. Mai farawa na buƙatar manhajar karatu mai tsari. Shafin freeCodeCamp, wanda Quincy Larson ya kafa a 2014, wanda kuma ƙungiya ce da ba ta neman riba, yana koyarwa ne ta hanyar ƙananan ayyuka da ɗalibi ke yi a cikin burauza, ya ga sakamakon nan take. The Odin Project kuwa ya fi tsauri: tun da wuri yake tilasta wa ɗalibi ya girka kayan aiki a kwamfutarsa, ya karanta kundin asali, ya gina abu da kansa, kamar yadda zai yi a wurin aiki.

Wanda ke son tushen kimiyyar kwamfuta sai ya nufi CS50 na Jami'ar Harvard da ke Amurka, wanda Farfesa David Malan ke jagoranta. Kwas ɗin na ratsa yaren C da Python da SQL, kuma ana iya bibiyarsa kyauta. Jami'ar MIT ma tun 2001 ta sanar da shirinta na OpenCourseWare, inda take sakin kayan darussanta ga kowa.

Akwai kuma W3Schools, wanda ya shahara saboda sauƙin misalansa. Yana da amfani ga mai son ganin misali cikin gaggawa, sai dai ya kamata a sani cewa wani kamfani ne na ƙasar Norwe ke da shi tun 1998, kuma ba shi da alaƙa da W3C, ƙungiyar da Berners-Lee ya kafa a 1994 domin tsara ƙa'idojin yanar gizo. Kamannin suna ne kawai.

Babban tarkon da ke wannan mataki shi ne tsalle daga kwas zuwa kwas. Kammala ɗaya daga cikin waɗannan, tare da gina ayyukan da ya buƙata, ya fi fara biyar a watsar. Kallon wani yana rubuta umarni a bidiyo na sa mutum ya ji kamar ya iya, amma iyawar ba ta tabbata sai ranar da ya zauna gaban allon da babu komai a kansa.

Zauren tambaya

Masu iya magana sun ce matambayi ba ya ɓata, kuma babu sana'ar da ta dogara da tambaya kamar wannan. Zauren da ya fi shahara shi ne Stack Overflow, wanda Jeff Atwood da Joel Spolsky suka buɗe a 2008, kamfanin Prosus kuma ya saya a 2021 kan dala biliyan 1.8. Tsarinsa shi ne, wani ya yi tambaya, wasu su amsa, masu karatu su kaɗa ƙuri'a, amsar da ta fi gamsarwa ta hau sama.

Zauren na da ladubbansa. Ana fara bincikawa ne a ga ko an taɓa yin tambayar, domin ana rufe wadda aka maimaita. Idan za a yi sabuwa, ana kawo ɗan gajeren rubutun umarni da ke nuna matsalar, da saƙon kuskuren kamar yadda ya fito, da abin da aka gwada bai yi ba. Sau da yawa mutum kan gano bakin zaren tun yana shirya tambayar.

Wajen ɗaukar amsa kuma sai an duba ranar da aka rubuta ta. Amsar da ta tara dubban ƙuri'u shekara goma da suka wuce tana iya zama ta tsufa, har ma ta zama mai haɗari. Bugu da ƙari, abin da ke zauren yana ƙarƙashin lasisin Creative Commons ne, wanda ya wajabta ambaton mai shi. Kwafar umarnin da ba a fahimta ba a zuba cikin aikin da wani ya biya kuɗinsa, ganganci ne da kan dawo wa mai shi.

Ma'ajiyar aiki

A 2005 Linus Torvalds, wanda ya ƙirƙiro Linux, ya rubuta wata manhaja mai suna Git. Aikinta shi ne adana tarihin duk canjin da aka yi wa aiki: wa ya yi, yaushe, kuma me ya sa. Idan gyaran yau ya lalata abin da ke aiki jiya, ana iya komawa baya. Tana kuma ba mutane da yawa damar aiki a kan abu ɗaya ba tare da wani ya goge na wani ba. Littafin Pro Git, wanda ke bayaninta dalla-dalla, ana sauke shi kyauta.

GitHub shafi ne da ke ajiye irin waɗannan ayyuka a intanet. An buɗe shi a 2008, Microsoft ya saye shi a 2018 kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 ya sanar da cewa masu amfani da shi sun kai miliyan 100. GitLab na yin kwatankwacin wannan aiki. Ga matashin da ke neman aiki, ma'ajiyarsa ta fi takardar shaida magana, domin mai ɗaukar aiki na iya buɗewa ya ga abin da ya gina da hannunsa. A nan ne kuma ake samun buɗaɗɗun manhajoji, waɗanda kowa ke iya karanta umarninsu, ya ga yadda ƙwararru ke tsara aiki, har ya ba da tasa gudummawar.

Akwai kuskure guda da ke jawo asara mai yawa a nan, wato ɗora kalmar sirri ko mabuɗin shiga wani asusu a cikin aikin da ke buɗe ga kowa. Ɓata-gari na da manhajojin da ke sintiri suna neman irin waɗannan mabuɗai dare da rana. Goge mabuɗin daga baya ba ya wadatarwa, tunda Git na riƙe da tarihi. Mafita ita ce a soke shi gaba ɗaya a karɓi sabo.

Kayan aro

Babu mai gina manhaja da ke rubuta komai daga tushe. Ana aron ƙunshin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, daga rumbuna irin su npm na JavaScript da PyPI na Python. Wannan na rage aikin wata ya koma na yini, amma zanen aro ba ya rufe katara. A watan Maris na 2016, wani mai gina manhaja ya janye ayyukansa daga npm bayan wata taƙaddama kan suna. Cikinsu akwai wani ɗan ƙunshi mai suna left-pad, wanda layi 11 ne kacal, amma dubban ayyuka sun dogara da shi, har da manya irin su Babel. Nan take suka kasa haɗuwa, sai da masu rumbun suka dawo da shi. A watan Disambar 2021 kuma aka gano wata ɓaraka a Log4j, ƙunshin da 'yan sa-kai ke kula da shi, ta jefa manyan kamfanoni da hukumomin gwamnatoci a duniya cikin fargaba.

Don haka kafin a ari ƙunshi, sai a duba yaushe aka sabunta shi, su wa ke kula da shi, da abin da lasisinsa ya halatta. Lasisin MIT, alal misali, ya bar mutum ya yi kusan duk abin da yake so muddin ya bar sanarwar mai shi, amma GPL ya shardanta cewa wanda ya rarraba manhajar da aka gina a kansa sai ya saki nasa umarnin a ƙarƙashin sharuɗɗa iri ɗaya.

Haka batun yake ga masaukin shafi. GitHub Pages da Netlify da Cloudflare Pages na ba da masauki kyauta ga ƙananan shafuka, kuma sun isa ga mai koyo. Amma Heroku, wanda ɗalibai da yawa suka dogara da shi, ya rufe tsarinsa na kyauta a ranar 28 ga Nuwamban 2022. Duk wanda zai ɗora shafin makaranta ko na asibiti a masaukin kyauta, ya ajiye kwafin komai a hannunsa, ya kuma shirya wa ranar da za a ce a tashi.

Tsaro da doka

Shafin da ke karɓar sunaye da lambobin waya da kuɗin mutane amana ce. Gidauniyar OWASP, wadda aka kafa a 2001, tana fitar da jerin manyan haɗurra goma da suka fi addabar manhajojin intanet, tare da bayanin yadda ake toshe kowanne. Web Security Academy na kamfanin PortSwigger kuma na ba da dakin gwaji kyauta, inda mutum zai koyi yadda ake kutse domin ya san yadda ake kare kai. Let's Encrypt, wadda ta fara aiki ga kowa a ƙarshen 2015, tana ba da takardar da ke ɓoye bayanan da ke tafiya tsakanin shafi da mai ziyara ba tare da karɓar kuɗi ba, don haka babu uzuri ga shafin da ba shi da ita.

A Najeriya batun ya wuce na ɗabi'a kawai, domin Dokar Kare Bayanai da aka sanya wa hannu a watan Yunin 2023 ta ɗora alhaki a kan masu tattara bayanan jama'a, ta kuma kafa hukumar NDPC don sa ido. Wanda zai haɗa shafinsa da hanyar biyan kuɗi kuma zai tarar cewa Paystack da Flutterwave na da kundin bayaninsu, da tsarin gwaji mai katunan bogi, domin a tabbatar komai na aiki kafin kuɗin kowa ya shiga.

Inda data ke da tsada

Ba dole ne mai koyo ya kasance a kan intanet kullum ba. DevDocs ya tattara kundayen yaruka da dama wuri ɗaya, kuma ana iya adana waɗanda ake so a cikin burauza a karanta ba tare da data ba. Manhajar Zeal na yin haka a kwamfuta. Kiwix na ba da damar sauke Wikipedia da wasu zaurukan tambaya, ko da yake suna cin wuri mai yawa. Ita kanta Git a kwamfutar mutum take aiki, sai lokacin aika aiki kawai take buƙatar intanet. Darasi a rubuce ya fi bidiyo sauƙin data nesa ba kusa ba, ya kuma fi sauƙin komawa a duba.

A cikin kowace babbar burauza kuma akwai kayan aikin da an riga an girka su, waɗanda maɓallin F12 ke buɗewa a mafi yawansu. Da su ake ganin kurakuran shafi, ake kwaikwayon ƙaramin allon waya, ake kuma rage saurin intanet da gangan don a ga yadda shafin zai buɗe wa mutumin da ke ƙauye. Lighthouse da ke cikin Chrome na auna nauyin shafi ya ba da shawarar gyara.

Haruffan Hausa

Mai yi wa Hausawa aiki na da ƙarin abin lura. Haruffa masu lanƙwasa, wato ƙ da ɗ da ɓ, suna da gurbinsu a tsarin Unicode, amma sai an saita shafi da rumbun bayanai a kan UTF-8, in ba haka ba su fito a matsayin akwati ko alamar tambaya. Ba kowane salon haruffa ne ke ɗauke da su ba, shi ya sa ake komawa ga Noto na Google, ko Andika da Charis na ƙungiyar SIL, waɗanda duk kyauta ne.

A Unicode, ƙ harafi ne mai zaman kansa, ba k ne da aka ɗora wa alama ba. Saboda haka dabarar da ake amfani da ita wajen cire alamomin Faransanci ba ta aiki a kansa. Idan ba a yi tanadi na musamman ba, wanda ya rubuta kasa a gurbin bincike ba zai samu labarin da ke ɗauke da ƙasa ba. Haka nan a Nijar ana rubuta ƴ inda Najeriya ke rubuta 'y.

Alhamzar da ke cikin sunaye irin su Mu'azu da Sa'adatu ma jarrabawa ce. A yaren SQL wannan alama ce ke nuna ƙarshen rubutu, don haka manhajar da aka gina da sakaci kan rikice idan aka shigar da irin wannan suna. Ƙofar da ta rikice da sunan Mu'azu ita ce dai ƙofar da mai kutse ke bi ya cusa nasa umarnin ya kwashe bayanai. Hana mutane rubuta sunansu daidai ba magani ba ne. Maganin na cikin bayanan OWASP kan raba umarni da abin da mai amfani ya shigar.

Ƙirƙirarriyar basira

Tun bayan fitowar GitHub Copilot a 2021 da ChatGPT a ranar 30 ga Nuwamban 2022, mutane da yawa sun koma tambayar na'ura maimakon zaure. Kayan na da amfani wajen fassara saƙon kuskure, da bayyana umarnin da ya yi wuya, musamman ga wanda Turanci ke ba shi wahala. Sai dai kwanaki kaɗan bayan fitowar ChatGPT, Stack Overflow ya haramta ɗora amsoshinsa, bisa hujjar cewa suna zuwa da kamannin gaskiya alhali da yawansu kuskure ne. Irin waɗannan manhajoji kan ƙirƙiro sunan umarni ko ƙunshin da babu shi, su kuma faɗe shi da cikakken tabbaci. Wanda ya san sana'ar zai gane, wanda bai sani ba zai kwafa. Haka kuma bai dace a zuba musu bayanan abokin ciniki ko kalmar sirri ba.

Tsarin da ya fi dacewa da mai farawa bai da sarƙaƙiya. Ya zaɓi makaranta ɗaya ya bi ta har ƙarshe, ya buɗe ma'ajiya a GitHub tun makon farko, ya sauke kundin yaren da yake koyo. Duk amsar da ya samu, daga zaure ne ko daga na'ura, ya kai ta gaban kundin asali kafin ya yarda da ita. Sannan ya nemi wata buƙata ta gaske a kusa da shi, kamar rajistar ɗaliban Islamiyyar unguwa ko lissafin shagon ɗan'uwansa, ya gina mata manhaja, ya miƙa wa masu ita su gwada a wayoyinsu. Ƙorafin da za su dawo da shi ne zai nuna masa shafin da ya kamata ya buɗe na gaba.